Fina-finan Teku: Tarihi Muke Kallo Ko Algus?



Abin da ya sa muka ɗauki biro a wannan fitowa ƙarami ne a ido, amma ya tsaya mana a rai. Ranar wata Alhamis babban liman ya yi tafiya, mu muka ja sallar Isha'i a masallacin layinmu. Da aka sallame, sai wani saurayi, yaron kirki da ya yi sauka a hannunmu, ya biyo mu har bakin ƙofa ya ce, "Baba Malam, don Allah in an zo karatun Asabar a ba mu tarihin Uruj. Bawan Allahn nan waliyyi ne, takobinsa bai taɓa shan jinin Musulmi ba." Muka ce, "Ɗana, a wane littafi ka karanta haka?" Ya ce ai ba littafi ba ne, da idonsa ya gani. Ya zaro waya ya nuna mana.

To, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai dai lokacin da kakanninmu suka yi wannan karin magana ba a san kamara ba, ba a san ana ɗaukar mutum a biya shi kuɗi, a liƙa masa gemu, a ce shi ne wane da ya mutu shekara ɗari biyar da suka wuce ba. Yaron nan ɗan wasa ya gani, bai ga Uruj ba.

Don kada mu yi hukunci a kan abin da ba mu sani ba, muka sa aka tura mana shirin a waya a shagon masu turi. Mun yi mako uku muna kallo in kasuwa ta lafa, tsakanin awon citta da ƙulla kanumfari. Sunan shirin Barbaroslar, gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT 1, ya fara nuna shi ranar 16 ga Satumba 2021, kashi 32 ne. Wanda ya fito a Uruj shi ne Engin Altan, wanda duk kun san shi a Ertugrul. Wani ɗalibin jami'a da ke sayen kayan shayi a wurinmu ya ƙara mana da wani shirin, Boundless, na 2022, kashi 6, labarin Majelan da Elkano da jirginsu ya fara zagaye duniya. Shi kuma da hannun gidan talabijin na gwamnatin Sifen, RTVE, aka yi shi don cikar tafiyar shekara 500.

Gaskiya ɗaya ce, shirye-shiryen sun yi daɗin kallo. An kashe kuɗi, an nuna teku yadda mu mutanen tudu, da babban ruwanmu shi ne kududdufin kuza, za mu riƙe baki. A Barbaroslar yaro zai ga jarumi yana ɗaga hannu yana addu'a, yana girmama yayansa, yana riƙe amana. In aka gwada da wasu abubuwan da yaranmu ke kallo a waya cikin dare, wallahi gara wannan sau goma. Saboda haka ba mu zo mu ce haramun ne ba, ba mu kuma ce a fasa wayoyi ba.

Maganarmu ta 'yan kasuwa ce. Duk wanda ya sayi buhun kanumfari ya san zai tarar da 'yan itatuwa da ƙura a ciki, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan ba ha'inci ba ne. Ha'inci shi ne ka cakuɗa da gangan, ka kuma rantse wa mai saye cewa tsantsa ne. Shi ake kira algus. A fina-finan nan mun ga ƙarin abu iri uku, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, cike giɓi. Ba wanda ya rubuta abin da Uruj ya faɗa wa ƙanensa da daddare a cikin jirgi, dole mai shirin ya ƙaga. An ƙirƙiro wata Isabel mai masauki a Iskandariyya da wani mugu Pietro don labari ya yi armashi. Iliyasu, wanda littattafai suka ce an kashe shi tun farko a harin da aka kama Uruj, a shirin an ja kwanansa an ba shi rawar takawa. Wannan gishirin miya ne, ba mu da ja.

Na biyu, kuskuren kaya. A irin waɗannan fina-finai sau da yawa za ka ga shugaban jirgi ya kafa madubin hangen nesa a ido, alhali sai a 1608 aka ƙago shi a Holan, bayan Majelan da Uruj sun daɗe a ƙasa. Ko ka ga matuƙa da fararen haƙora da wankakkiyar riga bayan wata uku a ruwa. Wannan abin dariya ne kawai, ba ya ɓata zuciyar kowa.

Na uku shi ne algus ɗin gaske: a wanke namu tas kamar mala'ika, a shafa wa na wasu baƙi kamar Iblis, a rubuta "tarihi" a jikin buhun. A nan muke da magana.

Ga abin da littattafai suka tabbatar. 'Yan'uwa huɗu ne, Isiyaku, Uruj, Halliru da Iliyasu, an haife su a tsibirin Lesbos. Ubansu Yakubu sojan Daular Usmaniyya ta Turkawa ne da ya zauna a tsibirin bayan an ci shi a 1462. Uwarsu Katarina 'yar asalin wurin ce, daga gidan Kirista ta fito. Mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos sun kama Uruj ya sha ɗauri a hannunsu, wannan gaskiya ne. Ya rasa hannunsa na hagu a yaƙin Bijaya a 1512, gaskiya ne. Jiragensu sun kwaso Musulmin Andalus da ake gallaza wa suka tsallako da su Afirka ta Arewa, wannan ma gaskiya ne, Allah ya saka musu da alheri.

Amma a 1516 mutanen birnin Aljiyas, ƙarƙashin shugabansu Salim Attumi, suka gayyaci Uruj ya taimaka musu korar Sifaniyawa. Da ya shiga garin sai ya kashe Salim ɗin, Musulmi ɗan'uwansa da ya kira shi, ya hau mulki. Shekara biyu bayan haka, a 1518, Sifaniyawa suka kashe shi kusa da Tilimsan. Ƙanensa Halliru, wanda aka fi sani da Hairuddin Barbarosa, shi ya miƙa Aljiyas ga Sarkin Santambul, har ya zama babban kwamandan jiragen daular. A 1534 ya ƙwace Tunis daga hannun sarkinta Musulmi, Maulaya Hasan. Shi kuma Maulaya Hasan ya ruga wurin sarkin Kirista, Sharl na Biyar, suka haɗa kai suka ƙwato garin a 1535. A 1538 Hairuddin ya ci rundunar jiragen Turai a Firebeza, nasarar da Turkawa ke tunawa har gobe. A 1543 kuwa ya haɗa kai da Sarkin Faransa, Kirista, suka yaƙi birnin Nis, jiragensa suka yi hunturu a tashar Tulon ta Faransa. A 1544 ya kwashe dubban mutanen tsibirin Lifari ya mai da su bayi. Ya rasu a Santambul a 1546.

Ku duba da kyau, jama'a. Ga Musulmi da Kirista a gefe guda suna yaƙar Musulmi. Ga Musulmi da Kirista a gefe guda suna yaƙar Kirista. Akwai addini a ciki, ba mu musa ba, amma akwai sarauta, akwai tashar jiragen ruwa, akwai kuɗin fansa da ganima. Jiragen yaƙin Bahar Rum na lokacin da ƙarfin damtse ake tuƙa su, kuma ɓangarorin biyu duk suna ɗaure kamammu da sarƙa su yi tuƙin. A sassan da muka kalla, an nuna mana zafin sarƙar in tana ƙafar Musulmi, ba a tsaya an nuna mana ita a ƙafar ɗan wani ba. Uruj ɗin da aka zana mana mutum ne da ba za ka taɓa zaton zai iya abin da ya yi wa Salim ba. Yaronmu bai yi ƙarya ba, abin da aka auna masa ya kawo.

Kada wani ya ce Turkawa kaɗai ke yi. Mu koma ga Majelan. Jirage 5 suka bar gaɓar Sifen ranar 20 ga Satumba 1519 da mutum fiye da 230. Me suka fita nema? Ba yawon buɗe ido ba ne. Kanumfari suka fita nema, wannan dai da muke ƙullawa a leda, wanda a lokacin ba ya fitowa sai a wasu 'yan tsibirai na Maluku a ƙasar Indunusiya ta yau. Wani Ba'italiye da ke cikin tafiyar, Figafeta, ya rubuta cewa sun yi wata uku da kwana ashirin a Tekun Fasifik ba sabon abinci, har suka ci fatar da aka naɗe itacen jirgi da ita, da garin katako, ɓera ya zama abin saye da tsada, dasashinsu ya kumbura ya rufe haƙora. Jirgi ɗaya tak, Biktoriya, ya kammala zagayen ya dawo ranar 6 ga Satumba 1522 da mutum 18, cike da kanumfarin da suka saya a Tidore, wurin sarki Musulmi mai suna Almansur. Da suka tsaya a tsibiran Kef Bad a hanyar dawowa, lissafinsu ya ce Laraba ce, mutanen gari suka ce Alhamis. Zagaya duniya ta yamma ya cinye musu kwana guda. Wannan kaɗai ya isa malamin Islamiyya ya yi darasi a kan jujjuyawar dare da rana.

To, shekara uku ta wahala a kashi 6, dole a yi tsallake, kuma hasken kamara yana kan mutum biyu ne. Amma littafi ya ce Elkano, gwarzon Sifen, yana cikin waɗanda suka yi wa Majelan tawaye a 1520, aka yanke masa hukunci sannan aka yafe masa. Littafi ya ce Majelan ya sa an ƙone wani ƙauye a tsibirin Maktan don sun ƙi miƙa wuya, kuma a can mutanen Lafulafu suka kashe shi ranar 27 ga Afrilu 1521. Yau a Filifin akwai birni mai sunan Lafulafu, shi ne gwarzonsu. Rana ɗaya, gaɓa ɗaya, ga wasu ranar makoki, ga wasu ranar nasara. Akwai kuma Enrike, bawan da Majelan ya samo a Malaka, shi ne tafintan tafiyar. Majelan ya yi wasiyya a 'yanta shi in ya mutu, waɗanda suka gaje shi suka ƙi. Da jikokin Enrike ne suka biya kuɗin fim ɗin, da wani labarin muka kalla.

Mu 'yan Afirka ya kamata mu fi kowa sa ido in ana yabon masu "gano" ƙasashe. Waɗannan tafiye-tafiye a gaɓarmu aka fara koyon su. A 1444 aka sauke kamammun Afirka 235 a garin Lagos na Fotugal aka raba su kamar awaki. A 1482 aka gina ganuwar Elmina a ƙasar Gana ta yau. Jirgin da ke da taswira a sama, sau da yawa sarƙa ce a cikinsa.

Yanzu mu taɓa namu, don kada a ce mun ga ƙwayar idon wani mun manta da tamu. Saƙo yana yawo a WhatsApp cewa Sarkin Mali Abubakar na Biyu ya riga Kolombus zuwa Amurka, har da hoton da kwamfuta ta zana. Asalin labarin guda ne. Malam Al'umari ya rubuta a littafinsa Masalikul Absar abin da ya ji daga Ibn Amir Hajib, wanda ya ji daga bakin Mansa Musa lokacin da ya sauka Alƙahira a hanyar Hajji a 1324. Mansa Musa ya ce sarkin da ya gada ya aika jirage 200 na mutane da wasu 200 na guzuri su gano ƙarshen teku, ɗaya ya dawo. Sai sarkin ya haɗa 2,000 ya shiga da kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyakar ruwayar ke nan. Ba a ambaci sunan sarkin a cikinta ba, ba a ce ya isa ko'ina ba. Labarin a haka ma abin alfahari ne, sarki baƙar fata ya yi tunanin abin da ke bayan teku shekara kusan 180 kafin Kolombus. Me ya sa sai mun ƙara masa ruwa?

Abin kunya ne a ce mu ne ke saurin haɗiye labari. Mu ne al'ummar isnadi. Malamanmu ba su karɓar hadisi sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, mutumin kirki ne, yana da riƙo? Hadisin ƙarya ko da yana kwaɗaitar da alheri sun jefar da shi. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike in labari ya zo. Suratu Yusuf ba ta ɓoye abin da 'yan'uwansa suka yi masa ba, alhali 'ya'yan Annabi ne. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya soki marubuta tarihi da ke kumbura yawan runduna ba tare da sun auna da hankali ba. Ko gizo da ƙoƙi sun fi wasu fina-finan gaskiya, don mai tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ya gaya maka inda aka dosa.

Wani zai ce, Malam, mene ne na ɗaga jijiyar wuya a kan mutanen da suka mutu tuntuni a wani teku da ba mu taɓa gani ba? Amsa ita ce, a Bukuru muke. Mun san abin da labarin "mu tsarkaka, su miyagu" yake haifarwa. Mun ga Satumbar 2001. Mun ga Janairun 2010, lokacin da wuta ta ci kasuwa da gidaje a garin nan, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, unguwanni suka rabu har yau ba su gama haɗuwa ba. Kowane ɓangare yana da nasa fim ɗin a ka, inda shi kaɗai aka zalunta, bai taɓa zaluntar kowa ba. Yaron da ya saba karɓar tarihin Bahar Rum daga wanda ya fi iya kiɗa da ɗaukar hoto, haka zai karɓi tarihin Bukuru daga wanda ya fi iya ihu. Yaron da ya koyi cewa Uruj ya ceci Musulmin Andalus kuma ya kashe Salim, duka biyun gaskiya ne, shi ne zai iya zama da maƙwabcinsa Birom su faɗi abin da ya faru ba tare da an zaro wuƙa ba.

Kuma tekun ba ta yi mana nisa yadda muke zato ba. Kakannin da yawanmu kuza ce ta kawo su nan. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban layin da ya haɗa mu da Fatakwal ya zo a 1927, kuzar da suka haƙa da hannunsu ta bi jirgin ƙasa ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. A Yaƙin Duniya na Biyu samarin Arewa sun hau teku zuwa Indiya da Bama. Kafin su akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Bature Barth har Tumbutu, ya ƙetare Sahara da Bahar Rum ya isa Landan a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, ya ƙare kwanansa a Kano a 1912. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila da Makka a 1921. Ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta nan Jos, ga 'yan fim ɗin Hausa cike da gari. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma in za ku yi, 'yan'uwa, ku yi da gaskiya. Wanda zai yi fim ɗin Dorugu dole ya nuna cewa ba Bature ne ya kama shi ya raba shi da iyayensa ba.

Shawararmu a taƙaice. Iyaye, ku zauna ku kalla tare da yaranku ko da kashi ɗaya ne, kada ku bar su da waya su kaɗai. Matasa, duk shirin da aka ce tarihi ne ku yi masa tambaya uku: wa ya biya kuɗinsa, daga wane littafi aka ɗauko, kuma in mutanen ɗaya ɓangaren ne suka yi shi yaya zai kasance? Masu fassara da masu turi, ku ji tsoron Allah, ku riƙa faɗa a farko cewa wasa ne da aka gina a kan tarihi, kada ku ƙara naku gishirin ku ce "haka ya faru". Malaman Islamiyya, mu da ku, kada mu hau mumbari da labarin da isnadinsa ya tsaya a kan talabijin.

Ranar Asabar ɗin mun yi karatun kamar yadda yaron ya roƙa. Mun faɗi kyawawan Uruj, mun faɗi na Salim. Da aka tashi ya zo ya durƙusa, fuskarsa ba walwala, ya ce, "Baba Malam, ke nan in daina kallo?" Muka ce, "A'a ɗana, ka ci gaba da kallonka. Amma in ka gama ka zo shago, akwai littafi, akwai shayi, kanumfarin ma kyauta ne." Ya zo sau biyu. A zuwa na biyun da abokansa uku ya zo, ɗaya yana ta musu da mu a kan Mansa Musa har aka kira Magariba. Mun ji daɗin musun nan fiye da duk kashi 32.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ko da a kan waɗanda muke ƙauna ne. Allah ya zaunar da Bukuru da Filato lafiya. Wanda ya ga kuskure a abin da muka rubuta, shagonmu ba ɓoyayye ba ne, ya zo da littafinsa.